J. B. S. Haldane, Baturen Da Ya Auna Gadon Jini Da Lissafi

Akwai darussa biyu da ɗaliban ilmin halittu su ke gamuwa da su a jami'a, ko a Zariya ne, ko Kano, ko Dutse. Na ɗaya shi ne yadda halittu su ke sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya. Na biyu kuwa shi ne yadda abin da a ke gada a jiki ya ke yaɗuwa, ko ya ke raguwa, a cikin jama'a ɗungum, ba a cikin gida ɗaya ba. Yaranmu na ƙasar Gumel da su ke zuwa can su kan komo hutu da ƙorafi a kan na biyun, wai sun gudu daga lissafi sun shiga ilmin dabbobi da tsirrai, sai ga lissafin ya riga su zuwa. Mutane uku ne suka aza harsashin wannan darasi tsakanin 1918 da 1932: Ronald Fisher da John Haldane a Ingila, da Sewall Wright a Amurka. Labarin na tsakiyan za mu bayar, domin wani hasashe da ya yi ya shafi ciwon nan na amosanin jini, wanda a ke kira sikila, kuma ɗaya daga cikin manyan shaidun da suka gaskata shi a maƙwabtanmu aka tattara ta, a ƙasar Garki.

An haifi John Burdon Sanderson Haldane a birnin Oksfod ran 5 ga Nuwamba, 1892. Gidansu gidan sarauta da ilmi ne na mutanen Sikotilan. Yayan ubansa ya riƙe ministan yaƙi na Ingila daga 1905 zuwa 1912. Ubansa kuwa, John Scott Haldane, likita ne mai binciken numfashi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana shiga ramukan haƙar kwal don ya gane irin iskar da ke kashe leburori. Shi ne ya ba da shawarar a riƙa shiga ramin da ƙaramar dabba, ɓera ko tsuntsu, don iskar guba ta kan kayar da su kafin ta kayar da mutum. Al'adar wannan dattijo ita ce, abin da duk zai gwada a jikin ɗan Adam, a nasa jikin zai fara. Da ɗansa ya tasa, sai ya zama shi ne na biyu.

Wata rana ya shiga da yaron wani rami, ya sa shi ya miƙe tsaye ya yi tilawar wata hadda tasa ta makaranta. Yaro bai yi nisa ba sai ƙafafunsa suka saki, ya zube. Da ya kai ƙasa sai ya farfaɗo, domin iskar da ke ƙasa mai kyau ce. Darasin ke nan: wannan muguwar iska ta fi iskar numfashi rashin nauyi, a sama ta ke taruwa. Yana ɗan shekara 13 kuma aka zura shi cikin rigar masu nitso wadda ta yi masa yawa, aka saukar da shi ƙarƙashin ruwa. Ba mu ba malamanmu shawarar su kwaikwayi wannan hanyar koyarwa ba, amma dai yaron bai taɓa manta abin da ya koya ta haka ba.

A cikin 1901, yana da shekara 8, ubansa ya tafi da shi sauraren lacca a kan aikin Gregor Mendel, wani malamin addinin Kirista da ya yi shekaru yana barbarar irin wake-waken Turai a lambu, ya rasu a 1884 ba wanda ya kula da abin da ya gano, sai a 1900 aka tono takardarsa. Abin da Mendel ya nuna shi ne, gado ba ya gauraya kamar nono da ruwa. Ƙwayoyi ne, kowane ɗa yana karɓar ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma wata ƙwayar ta kan ɓuya a jikin mutum ba ta nuna kanta, sai ta gamu da 'yar'uwarta a jikin jika ko tattaɓa-kunne. Wannan magana ta zauna wa yaron. Shi da ƙanwarsa Naomi, wadda daga baya ta zama shahararriyar marubuciya, suka cika bayan gidansu da ɓerayen Masar da ɓerayen gida, suna haɗa su suna ƙirga launin 'ya'yan. Sakamakon wannan wasa ya fito a mujallar masana cikin 1915, shi ne farkon nunin cewa a jikin dabba mai shayarwa akwai ƙwayoyin gado da ke tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya.

Ya yi makarantar Eton, inda bai ji daɗi ba, sa'an nan ya shiga jami'ar Oksfod a 1911. Lissafi ya fara karantawa, ya koma kan Latin da Girkanci da falsafa. Abin mamaki, mutumin da ya zama farfesa a fannonin kimiyya dabam-dabam bai taɓa riƙe takardar digiri ta kimiyya ba ko guda.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi ya shiga soja, ya yi yaƙi a Faransa aka yi masa rauni, aka kai shi Iraƙi aka sake yi masa, aka tura shi jinya Indiya, inda ƙasar ta fara shiga ransa. A 1915, sa'ad da Jamusawa suka fara sakin iskar guba, an ɗauko shi daga bakin daga ya taimaki ubansa, suka riƙa shaƙar iskar a cikin ɗaki don su gwada abin rufe fuska. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa ya ji daɗin yaƙi, abin da ba kowa ke iya faɗa ba, kuma ba abin yabo ba ne.

Bayan yaƙi ya koyar a Oksfod, a 1923 ya koma Kambirij, a 1933 kuma ya zama farfesan ilmin gado a jami'ar Landan. Bai bar halin ubansa ba. Ya sha sinadarai masu tsami don ya ga yadda jininsa zai sauya. A 1939, da wani jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku, mai suna Thetis, ya nutse da mutum 99, sai ya kulle kansa cikin akwatin ƙarfe sa'o'i masu yawa don ya ɗanɗana abin da mutanen suka sha yayin da iskarsu ta ke ɓaci. Irin waɗannan gwaje-gwaje sun fasa masa dodon kunne, sun kuma ji masa ciwo a ƙashin baya wanda bai rabu da shi ba har ya mutu.

Amma babban aikinsa da alƙalami da takarda ya yi shi. Tun 1859 Charles Darwin ya kawo maganar cewa yanayi yana tankaɗe da rairaya a cikin halittu, wanda ya fi dacewa da wurinsa ya fi barin zuriya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga manomin Gagarawa da ke ware zangarniyar gero mafi ƙosawa don iri, ko makiyayin da ke zagaya kasuwar Maigatari ran Alhamis yana neman bijimin da zai saka a garkensa. Bambancin kawai shi ne, a maganar Darwin ba hannun mutum ke zaɓe ba, fari ne da cuta da yunwa da maƙiyi. Sai dai har wajen 1920 masana da yawa ba su yarda wannan tankaɗe yana da ƙarfin da zai sauya wani abu ba, waɗansu ma suna ganin maganar Mendel ta rushe ta Darwin. Haldane ya ce a daina gardama da baki, a ƙirga. Daga 1924 zuwa 1934 ya fitar da takardu 10 a jere, kowace tana amsa tambaya iri ɗaya ta wata fuska: in wata ƙwayar gado ta ba mai ita fifiko kaza bisa ɗari, zuriya nawa za a yi kafin ta game jama'a? A 1932 ya tattara abin cikin littafinsa mai suna The Causes of Evolution, watau dalilan sauyawar halittu.

Misalinsa na farko wani ƙwaro ne dangin malam-buɗe-littafi, mai tashi da dare, a birnin Manchesta. Asalinsa fari ne mai ɗigo-ɗigo, in ya lafe a jikin itace tsuntsu ba ya ganinsa. A 1848 aka fara kama baƙi. Hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwan garin, kafin ƙarshen ƙarnin kusan dukan ƙwarin sun zama baƙaƙe. Haldane ya lissafta cewa hakan ba zai yiwu cikin shekara hamsin ba sai in baƙin yana barin 'ya'ya 3 a inda farin ya bar 2. Mutane suka ga adadin ya yi yawa. Da aka je daji aka gwada bayan shekara talatin, sai aka tarar tsuntsaye lalle suna tsince wanda launinsa ya tona masa asiri da irin wannan ƙarfi. Da aka kafa dokar hana hayaƙi a 1956 itatuwa suka washe, baƙin ya koma yana ƙaranci.

Ya kuma nuna wani abu da ya kamata mai kiwo ya sani. In sabuwar ƙwaya mai amfani ta ɓullo a jikin dabba ɗaya tak, kuma fifikonta 1 ne bisa 100, to, sau 98 cikin 100 ɓacewa za ta yi, domin dabbar tana iya mutuwa ko a yanka ta, ko kuma 'ya'yanta su gaji ɗaya ƙwayar. Kyau kaɗai ba ya isa, sai da sa'a.

Daga ƙwari ya juya kan mutane. Akwai wani ciwo na rashin daskarewar jini, wanda maza ke gada ta wajen uwa, ya kuma yi suna domin ya bi zuriyar Sarauniya Biktoriya har gidan sarautar Rasha. A wancan zamani masu shi ba su cika kai wa ga haihuwa ba. To, in haka ne, me ya hana ciwon ƙarewa? Ku ɗauki randa mai yoyo. In kullum ka duba ka tarar ruwanta bai ragu ba, ka san akwai mai zubawa, kuma in ka auna yoyon ka san yawan abin da a ke zubawa ko ba ka ga mai tulun ba. Da wannan dabara, a 1935, Haldane ya ƙiyasta cewa a kowace zuriya wajen ƙwaya 1 cikin 50,000 ta kan lalace da kanta ta zama ta ciwon. Wannan yana cikin farkon awon da aka taɓa yi na saurin sauyawar ƙwayar gadon ɗan Adam.

Yanzu mun zo kan abin da ya shafe mu. A ƙasashen bakin Bahar Rum, Italiya da Girka da tsibiransu, akwai wani ciwon jini na gado mai suna talasimiya. Wanda ya gaji ƙwaya ɗaya lafiyarsa lau, wanda ya gaji biyu kuwa a lokacin yana ƙarami ya ke mutuwa. Duk da haka ƙwayar tana da yawa ƙwarai. Waɗansu masana biyu na Amurka suka bi hanyar randa, suka ce lalle sabuwar lalacewa ce ke cike gurbin, suka fitar da adadin 1 cikin 2,500, ninki 20 ke nan na wanda Haldane ya samu. A taron masana ilmin gado na duniya da aka yi a ƙasar Suwidin cikin 1948, wanda aka buga jawabansa a 1949, Haldane ya ƙi yarda. Yoyon ya fi ƙarfin wannan ɗigo. Ya kawo wata hanya: wataƙila mai ƙwaya ɗaya ya fi wanda ba shi da ita ko ɗaya tsawon rai, kuma tun da ƙasashen nan gidan sauro ne tun zamanin da, wataƙila jininsa ya fi wuyar shiga ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Bai gwada kowa ba, bai ɗebi jinin kowa ba. 'Yan layuka ne kawai, lissafi ya kai shi gare su.

A kan talasimiya ya yi magana, amma a kan sikila aka fara tabbatarwa. Tun 1910 wani likita a Chikago ya ga ƙwayoyin jini masu lanƙwasa kamar lauje a jikin wani ɗalibi baƙar fata, a 1949 kuma aka tabbatar da cewa bisa ƙa'idar Mendel a ke gadonsa. Anthony Allison, wani saurayin likita da ya girma a Kenya, ya lura cewa masu ɗauke da ƙwayar suna da yawa a bakin teku da kewayen tabkin Biktoriya inda zazzaɓi ya yi katutu, amma a kan tuddai masu sanyi da ƙyar a ke samunsu. A 1954 ya buga shaidar cewa yara masu ƙwaya ɗaya, waɗanda yanzu mu ke kira AS, ba su cika ɗaukar ƙwayar zazzaɓi da yawa a jininsu ba. Binciken da aka yi daga baya a Gambiya da Kenya ya nuna AS yana rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da wajen kashi 90 bisa 100.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi wani babban aiki a gundumar Garki, kudu maso yamma da Gumel, lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Nufinsu su ga ko feshin maganin sauro a ɗakuna da raba ƙwayoyi ga kowa da kowa zai iya yanke zazzaɓi a irin ƙasarmu. Aka yi feshi a ƙauyuka 164, aka zaɓi 22 a ke ɗibar jinin mutanensu duk bayan mako 10. Cikin masu aikin akwai Alan Fleming, likitan jini na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokansa suka duba irin jinin da mutanen suka gada, suka buga sakamakon a 1979. A cikin jarirai sabuwar haihuwa, wajen 24 bisa 100 AS ne. A cikin waɗanda suka wuce shekara 5 kuwa, wajen 29 bisa 100. Jarirai masu ƙwaya biyu, watau SS, sun ɗan haura 2 bisa 100, amma a cikin manya da ƙyar aka sami ko ɗaya.

Akawu ko malamin lissafi ya ɗauki fensir ya bi mu. In manya 29 cikin 100 AS ne, kuma ba wanda ya san jininsa kafin aure, to 29 sau 29 ya ba da 841, watau a cikin aure 10,000 akwai 841 da miji da mata duka AS ne. A irin wannan gida kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na zama SS. Raba 841 gida huɗu, ka sami 210 cikin 10,000, watau 21 cikin 1,000. Shi ne adadin da likitoci suka tarar a jinin jariran Garki. Saura tambaya guda: ina ƙarin nan daga 24 zuwa 29 ya fito, alhali ba wanda jininsa ke sauyawa bayan haihuwa? Ba AS ne suka ƙaru ba, sauran ne suka ragu. Sikila ta ɗauke masu SS, zazzaɓi kuma ya fi ɗaukar masu AA. In aka bi lissafin, a inda yara AS 6 suka tsira, AA wajen 5 ne suka tsira. Ga mai tulun da ke cika randar, an kama shi da hannu: sauro ne. Ƙwayar tana kashe yara ta hannun hagu, tana ceton waɗansu ta hannun dama, ta tsaya daidai inda biyun suka yi kunnen doki.

A ganinmu wannan shafi ɗaya na lissafi ya isa ya sa a daina raina darasin. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a ce tana wabi, a dora wa iska ko maita, ko a sake ta a auro wata, ba dukan irin wannan ne sikila ba, amma akwai da yawa da ita ce, kuma rabin abin daga wajen mijin ya fito. Har wa yau lissafin yana gyara wani kuskure da ya yaɗu ko a cikin masu ilmi, cewa auren zumunci ne ke kawo sikila. Auren ɗan wa da 'yar ƙane yana ƙara haɗarin, gaskiya ne, daga wajen 21 zuwa wajen 29 cikin 1,000 a jama'a irin ta Garki. Amma inda mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar, wanda ya tashi daga Sule Tankarkar ya auro bare daga Katsina bai tsira ba. Gwaji kaɗai ke faɗa. Shi ya sa Jihar Kano ta kafa doka a 2024 wadda ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure, har da na sikila. Kada kuma mai AS ya ɗauka shi majinyaci ne, ko ya ɗauka ya fi ƙarfin gidan sauro. Zazzaɓi yana kama shi, kisa ne bai cika yi masa ba. Wani abu kuma da lissafin Haldane ke nunawa, ko da yau aka wayi gari babu sauro a Jigawa, sai an yi wajen zuriya 7, kusan shekara 200, kafin yawan ƙwayar ya ragu da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa a kan haifi yara wajen 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, kuma yau, da rigakafi da magani, da yawansu suna girma su yi karatu su yi aure.

Shi kansa sauron ba ya wajen wannan lissafi. Aikin Garki ya kwantar da zazzaɓi ƙwarai muddin ana feshi da rabon magani, amma bai yanke shi ba, da aka daina ya dawo. Cikin dalilan da aka gano, Mario Coluzzi na jami'ar Rum da abokansa sun nuna cewa sauron ba iri ɗaya ba ne a gadonsa, wani in ya ciji mutum a bangon ɗaki ya ke hutawa ya taka magani, wani kuwa waje ya ke fita. Tun kafin wannan, a yammacin lardin Sakkwato, an fara feshi da wani magani mai suna dildirin a 1954, kafin ƙarshen 1955 aka sami sauron da maganin ba ya kashewa, aka kuma gano ƙwayar gado guda ce ta ba shi wannan ƙarfi. Labarin ƙwaron Manchesta ke nan, sai dai wannan karon a ƙasar Kabi. Masu ƙyamar darasin saboda gardamar asalin ɗan Adam, wannan gardama tana da wurinta da malamanta, amma ba ta hana sauro gagarar magani ba, kuma ma'aikacin lafiyar da bai san yadda hakan ke faruwa ba zai yi ta zuba kuɗin jama'a a rijiya.

Mu koma ga mai labarin, domin yana da tabo wanda ba za a tsallake ba. Haldane bai bi addini ba, wajen 1937 kuma ya rungumi aƙidar gurguzu, ya shiga jam'iyyar Kwaminis a 1942. Shekara 13 yana rubuta maƙala a jaridarsu, Daily Worker, yana bayyana wa leburori kimiyya da harshe mai sauƙi, kuma a wannan fanni kaɗan ne suka kama ƙafarsa. Amma a Rasha wani mai suna Trofim Lysenko ya sami kunnen Stalin, ya ce ilmin Mendel ƙarya ce ta 'yan jari-hujja. Aka kama Nikolai Vavilov, babban masanin irin shuka na ƙasar, wanda ya karɓi baƙuncin Haldane a 1928, aka kulle shi a 1940, ya mutu da yunwa a kurkuku a 1943. A 1948 aka haramta koyar da ilmin gado a ƙasar baki ɗaya. Haldane ya fi kowa sanin Lysenko ba shi da gaskiya, duk da haka ya yi ta kwana-kwana, yana neman ɗan abin da zai yaba a cikin maganarsa. Wajen 1950 ya janye daga jam'iyyar ba tare da hayaniya ba. Mutumin da bai ji tsoron iskar guba ba, ya kasa buɗe baki sosai a kan abokinsa.

Ga shi kuma da zafin rai. Ƙato ne mai ƙatuwar murya, ba ya raga wa shugaban jami'a ko ɗan jarida, amma ɗalibansa sun shaide shi da kyauta, ya kan ba yaro tunanin da ya isa takarda guda ya ƙi sa sunansa a kai. Cikinsu akwai John Maynard Smith, wanda ya bar aikin ƙera jirgin sama ya zama ɗaya daga cikin manyan masanan wannan fanni. Ya yi aure sau biyu, da Charlotte a 1926, sa'an nan da Helen Spurway, masaniyar ilmin gado, a 1945. Bai sami haihuwa ba.

A 1957, yana da shekara 64, ya tattara ya bar Ingila. Dalilin da ya bayar shi ne harin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar a 1956 a kan mashigin Suwes. Ya koma cibiyar ƙididdiga ta Indiya a Kalkata, ya sa tufafin mutanen ƙasar, ya bar cin nama, ya zama ɗan ƙasa a 1961. A 1962 ya koma Bhubaneswar a jihar Orissa ya buɗe ɗakin bincike. Abin da ya riƙa koya wa samarin Indiya ya dace da mu: ƙasa matalauciya ba sai ta jira injuna masu tsada ba, ido da ma'auni da littafin rubutu sun isa a fara. Wani ɗalibinsa ya auna amfanin shuka irin shinkafa biyu a gona ɗaya, wani ya ƙirga yadda ganyen kwakwar attagara ke murɗawa dama ko hagu, wani kuma ya bi gidaje yana rubuta yawan auren zumunci a Andhra. Ba abin da ke cikin waɗannan da ɗalibin kwalejin horon malamai ta Gumel ba zai iya yin irinsa ba a kan gero da wake, ko a kan awakin ƙauyensu.

A 1959 wani babban masani, Ernst Mayr, ya yi wa lissafin su Haldane ba'a, ya kamanta shi da mai zuba wake fari da ja a buhu yana ɗiba yana ƙirgawa, alhali halitta mai rai ta fi buhun wake wuyar sha'ani. Haldane bai ji haushin sunan ba, ya ɗauke shi ya sa a kan takardar da ya rubuta ta kare kansa. Ya yarda lissafin yana sauƙaƙa abu fiye da yadda ya ke, amma ya nuna cewa wanda ya ƙi ƙirga ba shi da hanyar sanin ko maganarsa tana yiwuwa ko ba ta yiwuwa. Takardar ta fito a 1964.

Kafin nan, a ƙarshen 1963, likitoci sun sami ciwon daji a hanjinsa, aka yi masa aiki a Landan, har ya rubuta waƙar barkwanci a kan ciwon yana kwance a asibiti. Ya koma Indiya yana zaton ya warke, ciwon ya dawo. Ya mutu a Bhubaneswar ran 1 ga Disamba, 1964, yana da shekara 72, shekara 5 kafin a fara aikin Garki. Bisa wasiyyarsa aka kai gawarsa kwalejin likitoci ta Rangaraya a garin Kakinada, don ɗalibai su koyi aiki da ita.